Santimita Ashirin a Gidan Tsofaffi

Malama Mian, assalamu alaikum. Ki gafarce ni da zan ɗora miki karatun da ba ki nema ba, ga idanunki sun gaji, ga shi rabona da in zo gaishe ki tun babbar salla. Shafukan nan daga littafin da nake rubuta wa kaina na yago su. Na aiko miki su yadda suke, ko harafi ban gyara ba, don na san in da baki zan ba ki labarin, sai na yi wa kaina ado. Ɗalibarki Hai Salimai, mai kula da gidan tsofaffin mata na bayan masallacinmu a nan Wuzhong.

Litinin, 14 ga Oktoba, bayan azahar

Alhamdu lillahi, an gama aiki. Wata uku cif muna shaƙar siminti. Banɗaki biyu sababbi, ƙarafan riƙewa a kowane bango, gangara a bakin ƙofa don keken guragu. Magininmu Tie Wanfu ya kwashe kayansa, ya bar mini tsintsiya da surutunsa a kunne.

Jibi mai duba gini za ta zo daga ofis. Tana buga hatimi, ranar Lahadi tsofaffina goma sha biyu su dawo daga gidajen 'ya'yansu inda aka rarraba su tun watan bakwai. Na sayi fulawa da mai, zan yi musu suya ta maraba. Ba ni da fargaba. Aiki ne mai kyau, duk wanda ya gani zai faɗa.

Laraba, 16 ga Oktoba, da hantsi

Ta zo ƙarfe tara daidai da abin awonta da zanen ginin mai jan hatimi. Madam Pang sunanta, siririya, mai gajeren gashi. Ba musulma ba ce, amma a ƙofar ɗakin salla ta cire takalmi ba tare da an ce mata ba.

Ta auna gangara, ta ce ta yi. Ta rataya da dukkan nauyinta a jikin ƙarafan riƙewa, ba su motsa ba. Sai muka shiga korido. Ta auna, ta sake aunawa, ta matsa gaba ta auna na uku.

"Mita ɗaya da sittin," ta ce. "A zane ɗaya da tamanin ne. Ina ashirin ɗin suka tafi?"

Wanfu ya ce, "Ranki ya daɗe, tayil ne ya ci."

"Tayil mai kaurin santimita ashirin? A wace kasuwa ake sayar da shi, in je in gani?"

Ta tura ƙofar banɗaki, ta dubi zane, ta dubi masai, ta juya takardar ta sake duba. "A zane masan nan yamma suke kallo. Waɗannan kudu suka sa gaba."

Wanfu ya yi mata bayani: da aka juya su, wurin da keke zai juya ya gaza, shi ne ya ɗan turo bangon cikin korido. Ya ƙara da cewa, "Amma fa mun gwada. Makara ma ta wuce lafiya lau."

"Malam, ba masu fita a makara nake yi wa awo ba. Ranar da wuta ta tashi, gado da keke ne za su haɗu a nan, kowanne da mai rai a kansa. Wa ya ce a canza?"

Wanfu ya ɗaga kai yana kallon rufi. Ta jira kaɗan, ta yi rubutu, ta tafi.

Ƙaramin abu ne. Za a warware shi, in sha Allah.

Ranar dai, bayan la'asar

Na auna da hannuna. Santimita ashirin taƙi ɗaya ne kacal.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da safe

Na buga waya gida goma sha biyu, na ce an ɗan ɗaga. Kowa ya ce ba komai, sai Inna Asiye. Ta ce, "An ɗaga zuwa wace Lahadin? Ni fa ba ni da Lahadi da yawa a ajiye, 'yar nan." Na ce kwanan nan.

Asabar, 19 ga Oktoba, bayan azahar

Na je gaishe ta. Hawa na shida, babu lifta, sau biyu na tsaya ina haki. Ɗanta Guoliang direban babbar mota ne, yana hanya sati biyu. Matarsa tana shago tun safe har magariba. Inna Asiye kaɗai na tarar, da butar shayi da ya huce. Shekara tamanin da bakwai. Ƙafafun sun kumbura har gwiwa, numfashin kuma ya ƙara gajarta.

Baki dai yana nan. Ta ce, "Wata uku ban ji minsharin Zulaiha ba, kin san barci ya ƙi zuwa? Shekara tara muna ɗaki na huɗu ina tsine wa hancin nan, ashe shi ke sa ni barci."

Na dafa mata taliya da ruwan naman rago, ta ci cokali huɗu. Da zan tafi ta kama mini hannu.

"Salimai, kalli matakalar nan. Makara ba ta juyawa a ciki. In na mutu a nan, a goye za a sauko da ni kamar buhun dankali. Ni a gadona na jikin taga nake so, Zulaiha tana yi mini Yasin da wannan muryar tata ta agwagwa, ke kuma ki yi mini wanka. Kin ji?"

Na ce na ji, Inna, kuma haka za a yi. Ina da yaƙini haka za a yi.

Lahadi, 20 ga Oktoba, bayan magariba

Man suya yana nan a rufe.

Talata, 22 ga Oktoba, da hantsi

Takarda ta zo daga ofis. Ba za a shigo da kowa ba sai gini ya dace da izinin da aka bayar. Sunan Wanfu ne a kai, a matsayin wanda ya saɓa wa zane.

Ya zo ya zauna a kan bokitin fenti. "Yaya, ga dabara. Mu mayar da komai yadda yake a takarda, ta zo ta buga hatiminta. Tana juya baya mu sake juya kayanmu. Wa zai sani?"

Na ce ni zan sani. Ya ce ai ya san haka zan ce, ya faɗa ne don kada a ce bai faɗa ba. Bai ambaci sunansa da ke kan takardar ba. Da ya ambata, da ya fi mini sauƙi.

Bari in rubuta, tunda littafina ne.

Ni ce. Lokacin da aka kawo zane a watan huɗu, ni na sa hannu. Na ƙirga ɗakuna, na ƙirga ƙofofi, ban kula da 'yar kibiyar da ke nuna arewa ba. Sai a watan takwas, ana shimfiɗa bututu, na shiga banɗakin na tsaya daidai inda masai zai zauna, na ga gabana yamma ne, wadda a nan garinmu ita ce alƙibla sak. Tun muna 'yan shekara tara Malama ta karantar da mu cewa ba a fuskantarta da buƙata, ba a ba ta baya, ko da cikin gini ne. Matan nan wasunsu shekara saba'in suna kiyaye wannan. Na ce wa Wanfu ya juya su. Ya ce, "Yaya, zane fa?" Na ce ya yi aikinsa, takarda za ta biyo baya. Ban taɓa aika kowa ofis ba. A raina gani nake wa zai yi faɗa a kan inda masai ya kalla.

Ranar Laraba da Madam Pang ta tambayi wa ya ce a canza, ina tsaye a gefenta. Bakina bai buɗe ba.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Na je ofishin. Na jira awa biyu a kan benci. Da na shiga na faɗa wa Madam Pang duka, ban rage ba, na roƙi a cire sunan magini a sa nawa.

Ta cire tabarau ta murza ido. "Shugaba Hai, da a watan takwas kika zo da maganar nan, da mai zane ya nemo muku hanya tun ba a ɗora bulo ba. Ba abin dariya ba ne a wurina. Kakata har ta mutu ba ta yarda ƙafar gadonta ta kalli ƙofa ba. Amma korido ba zan rage ko santimita ɗaya ba."

Hanya biyu ta ba ni. Ta farko, a mayar da bango da masai yadda suke a zanen da aka amince da shi. Aikin kwana tara, ta zo ta duba, a buɗe. Ta biyu, a bar masai a juye, a mayar da bangon korido, a ci filin da ake buƙata daga ɗaki na huɗu da ke manne da su. Wannan sai an yi sabon zane an nemi sabon izini, sati shida in an yi sauri. Kuma ɗakin zai ƙanƙance, doka ba za ta yarda da gado biyu a ciki ba. Gidan zai koma na mutum goma sha ɗaya.

Na fito zuciyata wasai. Na faɗi gaskiya, kuma ashe akwai mafita.

Juma'a, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

An sauko daga masallaci na samu Alhaji Shan Defu, shugaban kwamitin da ke riƙe da gidan. Ya saurare ni yana hura shayinsa, yana ture magaryar da ke yawo a kai da murfin kofi.

"Wannan ai ba sai an yi shawara ba, Salimai. Gidan masallaci, a ce masansa na kallon alƙibla? Ta biyun za a bi."

Na ce to gado ɗayan fa? Ya faɗi wata magana a kan adadi, a hankali, yana kallon cikin kofinsa. Ba zan rubuta ta ba.

Na ce to. Ita ce hanyar da ta dace da karatu. Sati shida ba shekara ba ne.

Litinin, 28 ga Oktoba, da hantsi

Mai zane ya zo auna ɗaki na huɗu. Yana durƙushe yana rubutu ya ce, "Wane gadon za a fitar?" Hannuna ya nuna na jikin taga kafin in yi tunani.

Shi ne ya fi kusa da bangon da za a rushe. Dalilin ke nan.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan magariba

Ban je hawa na shida ba. Aiki ya yi yawa.

Alhamis, 31 ga Oktoba, bayan azahar

Inna Asiye ta kira sau biyu. Ina alwala a na farko.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, bayan la'asar

Yau aka kunna ɗumin gari, ruwan zafin da ake turowa gida-gida ta bututu in sanyi ya shigo. Bututun ɗakunanmu sun ɗauki zafi, gida ya yi ɗumi, ba kowa a ciki sai ni.

Surukar Inna Asiye ta kira. Sun kai ta asibiti jiya, sun dawo da ita. Likita ya ce zuciyar ta gaji, a kai ta inda hankalinta zai kwanta, maganar makonni ce, ba watanni ba.

Zan rubuta abin da ya faru a cikina yadda ya faru. Kafin harshena ya kai ga innalillahi, wani abu a ƙirjina ya riga shi, ya ce: goma sha ɗaya.

Abin da Alhaji ya faɗa ranar nan shi ne, "Kafin sati shida ai Allah zai daidaita mana adadin, Asiye ba za ta kai ba." Na ƙi rubutawa ne ba don maganar ta yi mini muni ba. Don na riga shi tunaninta ne tun a kan matakalar ofis. Gadon jikin taga kuma ba shi ya fi kusa da bango ba. Na Zulaiha ne ya fi kusa.

Asabar, 2 ga Nuwamba, bayan asuba

Na yi salla, na zauna har gari ya waye. Ban ga mafarki ba, ban ji wata murya ba. Na dai san abin da zan yi.

Ranar dai, da hantsi

Na tarar da Alhaji yana ba tantabarunsa hatsi. Na ce masa hanyar farko zan bi, jibi za a fara.

"Kin san me kike faɗa kuwa? Ke da kika juya su da kanki? Me jama'a za su ce?"

"Su ce ni ce, Alhaji. Ai ni ɗin ce tun farko."

"Karatun naki fa?"

"Wanda ya kalli alƙibla a masai ya yi abin ƙi, na san sunan laifinsa, na san istigfarinsa. Ni kuwa kwana goma ke nan ina jiran ran musulma ya fita don gadaje su yi daidai da takarda. Wannan ban san sunansa a littafi ba, kuma ba na son in kwana da shi ko sau ɗaya a gaba."

Ya daɗe yana watsa hatsi. Sannan ya ce shi bai ce a jira mutuwar kowa ba. Na ce na sani, ni na ji haka. Ya ce ba zai sa hannu ba, amma ba zai hana ba, in kwamiti ya tambaya ni zan tsaya in amsa. Na ce zan tsaya.

Daga nan na wuce hawa na shida. Ta ce, "A'a, ashe kina raye? Na ɗauka kin riga ni." Na ce mata ta ba ni sati biyu. Ta ce ba a hannunta yake ba, amma za ta yi magana da mai abin.

Litinin, 4 ga Nuwamba, da safe

Wanfu ya zo da guduma da mutum uku. Ya shafa bangon kamar mai ban kwana da doki. "Yaya, bangon nan ya fi ni yawo. Wannan karon in na dasa shi, ko liman ne ya zo ya ce a juya, sai ya kawo mini jan hatimi."

Na ce ko ni ce na zo, ya kore ni.

Alhamis, 7 ga Nuwamba, bayan azahar

An mayar da bututu. Na shiga na tsaya a wurin. Yamma ce. Na yi istigfari na fito.

Asabar, 9 ga Nuwamba, bayan magariba

Ta ci cokali biyu. Ta ce saura kwana nawa, na ce shida. Ta ce, "Da tsada."

Litinin, 11 ga Nuwamba, da hantsi

Magana ta fita unguwa. A wurin mai nama wata ta ce a bayana, ashe karatun wasu a baki ya tsaya. Na sayi namana na tafi. Ba ta yi ƙarya duka ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba, bayan azahar

Madam Pang ta auna sau uku. Mita ɗaya da tamanin da ɗaya. Ta tura keke cikin banɗaki da hannunta, ta juya shi, ta fito. Ta ce takarda kan ɗauki kwana biyar. Na gaya mata akwai wadda kwana biyar ya yi wa yawa. Ta dube ni, ta ce in zo gobe ƙarfe huɗu, kada in aiko kowa.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Hatimi yana hannuna.

Juma'a, 15 ga Nuwamba, bayan magariba

Ta dawo.

Guoliang ya baro motarsa a hanya ya iso da asuba. Shi da Wanfu suka sauko da ita a kan kujera, hawa shida, tana lulluɓe da bargo biyu, tana yi musu faɗa a kowace kwana cewa za su kayar da ita. Na sa an kawo Inna Zulaiha tun safe. Da suka haɗa ido Zulaiha ta fashe da kuka, ita kuwa ta ce, "Rufe mini baki, ban mutu ba tukuna. Ajiye kukan, za ki buƙace shi."

Da na kwantar da ita a gadonta na jikin taga, Zulaiha ta fita alwala, sai na durƙusa na gaya mata komai. Juya masan da na yi, shirun da na yi, sati shidan da na yarda da shi, da abin da ƙirjina ya ƙirga ranar da surukarta ta kira. Na ce ta yafe mini.

Ta rufe ido har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Sai na ga kafaɗunta na motsi. Dariya take, ba sauti, numfashi bai isa ba.

"Wawiya. Shekara tara ina ƙirga wa Zulaiha kwana, in ta tafi in samu ɗakin ni kaɗai. Kowa yana ƙirge, 'yar nan. Ke dai kin zo kin ɗauko ni. Tashi, gwiwarki ba ta yara ba ce. Kai ni in ga abin da ya riƙe ni a sama wata guda."

Na tura ta a keke. Ta dubi masan, ta dubi bangon da ke gabansa.

"Nan ne alƙibla?"

"Nan ne, Inna."

"To ba zan zauna sak ba. Karkatar da ni hagu."

Na ce in ta karkata hannunta ba zai kai ƙarfen riƙewa ba, za ta iya faɗuwa.

"Ke kika juya, ke kika mayar. To ke ce ƙarfen. Riƙe ni."

Na riƙe ta. Ba ta kai nauyin yarinya 'yar shekara goma ba. Da muka fito ta yi addu'ar fita, na yi tare da ita. Yanzu tana barci, Zulaiha na zaune a gefenta da Alƙur'ani a buɗe.

Malama, iyakar shafukan ke nan. Ba na neman ki ce na yi daidai, na riga na sa hannu, kuma da za a mayar da ni baya hakan zan sake yi. Abin da nake nema shi ne wannan: ranar Talata sauran goman za su dawo. A cikinsu akwai waɗanda za su iya karkata da kansu, akwai waɗanda sai an riƙe su, akwai biyu da ko an riƙe su ba za su iya ba, kuma za su tambaye ni ko akwai laifi a kansu. Ba na so in ba su amsa da ka, kuma ba na so in kwantar musu da hankali da abin da ba haka yake ba. Ki faɗa mini abin da zan ce musu. Ki ba wanda ya kawo miki takardar nan amsa, ko layi biyu ne, don Allah kafin Talata.